Mota Ba Ta da Rizab

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ɗana na fari ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Tsamiyar Arɗo ba za su bar ni ba, don har yau in na shiga garin sai an sami mai tambayata ko na gano abin da nake nema a ƙarƙashin mota. Na gaji da ba da labarin nan da baki, duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na ce tunda Allah Ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, hannuna kuma ya fara sabawa da biro, bari in rubuta shi yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in huta.

Ni mutumin babur ne. Tun ina saurayi na yi acaɓa a Dutse, daga baya na koma sayen hatsi a kasuwannin ƙauye ina kawowa gari, duk dai a kan babur. Duk wanda ya taɓa riƙe babur ya san akwai wani ɗan famfo a ƙarƙashin tanki ta hannun hagu. Kana cikin tafiya sai ka ji inji ya fara shaƙewa, ba ka ko tsayawa, sai ka sunkuya ka murɗa shi, ɗan man da ke ɓoye a ƙasan tanki ya sauko. Shi muke kira rizab. In shi ma ya ƙare, ba a fid da rai. Sai ka kwantar da babur a gefensa, ka girgiza, ka buɗe murfin tanki ka hura da baki, ya lallaɓa ya kai ka wurin masu sayar da mai a jarka, 'yan bumburutu. A haka na yi rayuwata. Ban taɓa shan mai don na ga ya yi ƙasa ba, sai babur ya yi tari da kansa ya ce mini yana jin ƙishirwa.

Da ƙafafuna suka fara gajiya da buhuna, sai na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota a hannun wani maƙwabcina da ya yi ritaya. Ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, na iya giya, na iya baya, na iya kwana. Abu ɗaya ne ban tambaye shi ba, wato inda famfon rizab ɗinta yake. Ban tambaya ba don ban ga abin tambaya ba. A tunanina, in har babur, ɗan abin da mutum ɗaya ke ɗagawa, an yi masa rizab, ai babu yadda za a yi mota guda mai ƙafa huɗu a ce ba ta da shi. Na ce ranar da buƙata ta taso zan laluba in same shi, kamar yadda hannuna ke samun na babur ko idona a rufe.

Buƙatar kuwa ba ta taso ba, saboda a cikin Dutse duk inda ka juya akwai gidan mai. Jar wutar nan da ke kusa da allurar mai takan kama, in yi ta yawona da ita, kasuwa, gida, makaranta, sai na ga dama in tsaya in sha ɗan kaɗan. Tun da mai ya yi tsada kowa ma haka yake yi, na wuni ake saye. Har na fara raina wutar. Na ɗauke ta irin mutanen nan masu kururuwa tun abu bai zo ba.

Mai ɗakina ce kawai ba ta yarda da wannan tsari nawa ba. Duk ranar da na ɗauke ta zuwa asibiti ko gidan biki, idonta na kan wutar nan.

“Malam, ga jan idon nan ya sake buɗewa.”

“Bar shi, haka yake yi.”

“Ni dai ban taɓa bari randata ta ƙafe ba. Da ta kai rabi nake kiran mai ruwa. In ka bari ta yi ƙasa, laka za ka sha.”

Na ce mata mota ba randa ba ce. (Wannan magana tawa tana nan ajiye a wurinta har yau, ba ta ɓata ba.)

To, ga maganar auren. Ɗana na fari sunan mahaifina gare shi, don haka Abba muke ce masa. Ya ga wata yarinya mai hankali da ta zo karatu Dutse tana zaune a gidan yayarta, ya ce ita yake so. Iyayenta Fulani ne na wani gari da ake kira Tsamiyar Arɗo, can bayan Buji, suna noma suna kiwo. Mahaifinta, Alhaji Buba, bai so abin ba da farko. Akwai ɗan ɗan'uwansa mai garke guda da ke sonta, kuma ya faɗa a gaban manyanmu cewa shi mutanen gari ba su kwanta masa ba, saboda ba su san alƙawari ba, su ce safe su zo da yamma. Sai da aka yi ta zarya, yarinyar kuma ta tsaya a kan ra'ayinta, sannan ya sauko. Amma ya kafa magana ɗaya. Ya ce ana idar da sallar Juma'a za a ɗaura, nan take, kafin jama'a su watse. In ba a ga wakilin ango a wurin ba, to mu muka ce mun fasa, kada wanda ya sake zuwa masa da maganar.

Wakilin ango shi ne wana, Yaya Alhaji. Sadaki na aljihunsa. Goro da alewa da dabino kuma suna but ɗin motata. Wato dai auren gaba ɗaya ni zan ɗauko shi daga Dutse in kai shi.

Ranar Alhamis da la'asar Abba ya same ni a zaure ya durƙusa. Yaron ba ya son yi mini gardama, sai ya yi ta kewaye-kewaye yana sosa ƙeya, sannan ya ce, “Baba, da an cika tankin nan tun yau.”

Na ce, “Tun ba a haife ka ba nake hawa abin hawa. Je ka ji da guga da hula, ka bar mini hanya.”

Ya ce, “To, Baba.” Ya tashi. Wannan “to” ɗin nasa har yanzu ban manta da shi ba.

Da safe ango da abokansa suka yi gaba a bas. Mu kuma muka tsaya jiran Yaya Alhaji, wanda mai guga ya riƙe masa babbar riga, sai da hantsi ya yi sosai muka tashi. Mu uku ne. Ni a sitiyari, Yaya Alhaji a gefena da carbinsa, a baya kuma Malam Ɗanjuma, abokina mai sayar da tabarmi, wanda benci ɗaya muke zama a ajin yaƙi da jahilci. Tun da Malam Ɗanjuma ya fara haɗa baƙaƙe babu allon da yake bari ya wuce bai karanta shi da ƙarfi ba, na shago, na makaranta, na mai gyaran taya, duk sai ya karanta mana.

Muna fita gari jar wutar ta kama. Na dubi gidan man da ke bakin hanya, na ga layi ya miƙe, na dubi rana, na ce a raina mun riga mun makara, a gaba ma akwai. Don kada Yaya Alhaji ya gani ya fara faɗa, sai na ɗauki katin gayyatar ɗaurin auren na jingina shi a kan gilashin allura, ya rufe wutar ruf. (E, katin auren ɗana na sa na rufe ta. Ba sai an tuna mini ba.)

“Gi-dan mai,” in ji Malam Ɗanjuma daga baya, yana karanta wani allo. Muka wuce. Can kuma ya sake cewa, “Ga wani ma. Wannan har da masallaci da ban-ɗaki.” Muka wuce shi ma, don na ga manyan motoci sun tare bakin shiga. Ni wanda na sa a gaba shi ne na ƙarshe, wanda ke daidai inda ake barin kwalta. Na san shi tun ina babur, ba a taɓa layi a wurin.

Gaskiyata kuwa, babu layi. Babu kowa ma. Sarƙa ce a bakin ƙofa. Duk lissafin da na yi, na manta abu ɗaya da ko yaro ya sani, cewa ranar Juma'a masu gidan mai su ma Musulmi ne. Sun rufe sun tafi wanka da shirin masallaci. Na gangara wurin teburin 'yan bumburutu, na tarar da jarkoki a kife, an ɗaure su da igiya. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a gindin darbejiya ta ce, “Sun tafi masallacin babban gari, ɗan nan. Sai an sauko.”

Yaya Alhaji ya tsayar da carbi. “Kai, mai ne babu?”

“Akwai, Yaya. Ƙari dai na so in yi. Ko ya ƙare ma ai akwai rizab.”

Na faɗi haka da zuciya ɗaya. Wallahi ba ƙarya na yi masa ba, abin da na yi imani da shi ke nan.

Muka sauka kan burji. Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsayi ya rufe hanya hagu da dama, ba ka hango komai sai kara da sama. Ba mai babur ko ɗaya, ba mai keke, kowa ya riga ya yi gaba. Muka yi tafiya mai ɗan nisa lafiya lau, har na fara yi wa wutar dariya a raina. Sai motar ta yi tari. Ta sake yi. Na ji totur ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafata kamar na taka auduga. Ban san sanda hannuna na hagu ya sauka ƙasa yana lalube ba, yana neman famfo a inda ya saba samunsa. Gwiwata kawai ya kama. Motar ta gangara a hankali ta tsaya a tsakiyar hanya.

Na ce, “Kada ku damu, yanzu zan juya ta.”

Na laluba ƙarƙashin sitiyari, babu. Na laluba gefen kujera, na ja wani ƙarfe, kujerar ta kwanta da ni. Na fita na buɗe bonet, na dudduba duk abin da ya yi kama da famfo, na murɗa wanda ya murɗu, na bar wanda ya ƙi. Sai hankalina ya ce mini, a babur famfo a ƙarƙashin tanki yake, tankin mota kuwa a baya yake. Na cire babbar rigata, sabuwar shadda da na ɗinka don ranar, na miƙa wa Malam Ɗanjuma, na kwanta rigingine a ƙasa na ja jiki na shige ƙarƙashin mota.

Ina ciki na ga takalman Yaya Alhaji sun zo sun tsaya daidai kaina.

“Me kake nema a nan?”

“Rizab, Yaya.”

Sai muryar Malam Ɗanjuma, “Wai mota tana da rizab?”

“Babur ma yana da shi, balle mota.”

Yaya Alhaji ya yi ajiyar zuciya irin wadda yake yi tun muna yara in na yi ɓarna. Ya ce, “Na shiga mota na je Legas, na je Maiduguri, na shiga ta Makka ma. Ban taɓa ganin direban da ya kwanta a ƙarƙashinta don ya kunna mai ba. Fito.”

Na fito da baƙin mai a goshi da ƙasa a ƙeya. Amma ban saduda ba, don akwai sauran dabarar babur. Na ce a kama a girgiza. Ku dubi wannan hali, dattawa uku, biyu da manyan riguna, ɗaya da 'yar ciki, mun jeru a gefen mota cikin rana muna turawa muna saki, tana rausaya kamar kwale-kwale. Yaya Alhaji da ciwon gwiwarsa yana turawa yana salati. Da na ga ta girgizu sai na buɗe murfin tanki na kafa baki na hura iya ƙarfina. Tururin fetur ya dawo mini a hanci da ido, na yi ta tari har da hawaye.

Abin mamaki, na murɗa makulli ta tashi! Muka faɗa ciki da gudu. Na dubi Yaya Alhaji da irin kallon nan na ai na faɗa maka. Ba mu wuce tsawon gona biyu ba ta sake mutuwa. Na yi ta murɗa makulli, na yi ta murɗawa. Akwai wani ɗan kuka siriri da nakan ji daga baya duk sanda na kunna ta, kamar na sauro. Ina cikin murɗawar nan na ji ya yi rauni, ya yanke. Ban san ma'anarsa ba a lokacin.

Wayata ta yi ƙara. Abba ne.

“Baba, kuna ina? An fara shimfiɗa tabarmi. Alhaji Buba ya aiko a tambaya har sau biyu.”

“Ga mu nan kusa.”

“Kusa ina, Baba?”

Na kashe wayar. Na zauna a bakin ƙofar mota na dafe kai. Garin da saura, Yaya Alhaji ba zai iya kai wa da ƙafa ba, ga huhun goro. Ban yi tunanin kaina ba a lokacin, yaron nan nake gani a tsaye cikin fararen kaya, jama'a na watsewa, ana ce masa ai dama an faɗa, mutanen gari ke nan. Shekara ya yi yana lallashin mutanen nan, ni kuma na zo na zubar masa a kan layin gidan mai da na ƙi bi.

Muna nan sai muka ji ƙarar ƙafafun amalanke. Daga wata siririyar hanya cikin gero wasu fararen bijimai biyu suka ɓullo, suna jan amalanke. A kai wani tsoho ne siriri, da malafa da sanda, ga wata farar riga a naɗe kusa da shi. Ya yi sallama ya tsayar da shanun, dole ma ya tsaya tunda mun tare hanya.

“Sannunku. Me ya sami ƙarfen?”

Malam Ɗanjuma ya riga ni. “Mai ne ya ƙare, Baba. Muna dai neman rizab.”

Tsohon ya dubi motar, ya dube ni daga goshi har ƙafa. “To, ba ku ba ta abinci ba ke nan. Ina za ku?”

Muka ce Tsamiyar Arɗo. Ya ce shi ma can za shi Juma'a. Ya ce mu hau amalanke, amma Yaya Alhaji ya gwada ɗaga ƙafa gwiwa ta ƙi, motar kuma ba a barinta a tsakar hanya. Sai tsohon ya sauko da igiyar shanu mai kauri, ya ɗaura a gindin amalanke, ni kuma na sake durƙusawa na ɗaura a gaban mota.

A nan ne na yi abin da ya fi shiga ƙarƙashin mota muni. Na ja tsohon gefe na rage murya.

“Baba, don girman Allah, in mun kusa gari ka kwance mu a baya, mu tura ta gindin bishiya mu ƙarasa a hankali. Ɗaurin auren ɗana za mu. Surukan namu kuma mutane ne masu tsauri, dalili kawai suke nema. Uban yarinyar cewa yake ba mu da alƙawari. An ce ma akwai wani wansa da ya tafi kudu da shanu, shi zai ba da auren, wai ya fi shi taurin kai nesa ba kusa ba. Ban taɓa ganinsa ba, ba na kuma ɗokin ganinsa. In suka gan ni a bayan shanu na kaɗe.”

Tsohon ya gyara malafarsa. Ya ce, “Haka ne? Allah Ya kyauta.” Ya hau ya kaɗa shanu.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawo kamar wannan ba. Ina riƙe da sitiyari kamar direban gaske, alhali wutsiyar sa nake bi. Ƙudaje suka cika motar. Katin gayyata ya zame ya faɗi, jar wutar tana nan tana kallona. Yaya Alhaji carbi kawai yake ja da ƙarfi kamar zai tsinka shi. Malam Ɗanjuma ne ya ce, “Ka ga kuwa ta fi daɗi a haka, ba ta jijjiga.”

Can muka fara jin lasifika, liman ya hau huɗuba. Ga rumbuna, ga katangun farko na gari. Na danna ham don in tuna wa tsohon maganarmu. Bai waiwayo ba. Na sake dannawa. Na ɗora ƙafa a birki, sai Yaya Alhaji ya buɗe baki a karo na farko.

“In ka taka birkin nan, ni da kai ne. Lokacin kunya ya wuce, na salla ne ya rage.”

Haka bijiman nan suka ja mu ta tsakiyar gari, suka karya kwana, suka fito filin masallaci. Cikin masallacin ya cika, sauran jama'a duk suna waje a kan tabarmi a inuwar bishiyoyi, sahu bayan sahu. Ham ɗin da na yi ta dannawa ya riga ya sanar da zuwanmu. Ana huɗuba ba a magana, don haka ba wanda ya yi dariya, kawuna ne kawai suka juyo gaba ɗaya, shiru, suna bin mu da ido. Na rantse da an yi dariyar da ya fi mini sauƙi. Na hango Abba cikin abokansa, ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Na ga kafaɗun abokan nasa suna rawa.

Na ari buta na sake alwala a gurguje, na zura babbar riga a kan ƙasar da ke bayana, na shiga sahu ina warin fetur. Wanda ke damana ya yi ta matsawa.

Ana sallamewa sanƙira ya miƙe ya ce jama'a a dakata akwai ɗaurin aure. Aka matso gaban liman. Alhaji Buba na zaune, fuskar nan a murtuke. Aka ce ina wakilin ango, Yaya Alhaji ya ɗingisa ya zauna. Aka shigo da goro da alewa. Aka ce ina waliyyin amarya. Sai na ga ana buɗa hanya, ana “Sannu Bappa, sannu Bappa.” Wani tsoho siriri ya ratso, ya sa farar riga, malafarsa a hannu, ya zauna kusa da liman.

Shi ne. Mai amalanke.

Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Dama na riga na gwada shiga ƙarƙashin abu a ranar, bai yi mini amfani ba.

Alhaji Buba ya sunkuya ya yi masa magana da Fulatanci, a fusace, yana nuna wajen motar da haɓa. Ban ji abin da ya ce ba, amma ba sai an fassara mini ba. Tsohon ya bari ya gama, sannan ya amsa da Hausa, yadda kowa zai ji.

“A hanya na tsince su. Amma tun daga kan tudu na hango su kafin su gan ni. Dattawa uku, cikin rana, suna girgiza mota kamar masu kaɗa nono, don kada su saɓa lokacin da aka sa musu. Wancan,” ya nuna ni da malafa, “har baki ya sa mata yana hurawa. Wanda bai damu da alƙawari ba inuwa zai nema ya zauna. Hankalin mai ne dai ba shi da shi, wannan kuwa ana koyo.”

Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga hannu.

“An kuma gaya mini a hanya cewa ina da taurin kai. Gaskiya ne, ina da shi. Na ga shi ma wanda ya faɗa ɗin yana da nasa. To jikokin ba za su rasa gado ba ta kowane ɓangare. Malam, a ɗaura. Na bayar.”

Dariyar da aka danne tun lokacin huɗuba ta fashe gaba ɗaya. Har Alhaji Buba sai da ya kau da kai yana gyara hula. Aka ɗaura, aka shafa fatiha, aka raba goro. Kafin a gama rabon, Malam Ɗanjuma ya riga ya ba rabin garin labarin rizab, har yana kwanciya a tabarma yana nuna yadda na yi.

Abba ya zo ya durƙusa a gabana. Na ce masa, “Allah Ya sanya alheri.” Ya ce, “Amin, Baba.” Bai ambaci tanki ba, ranar ko bayanta. Da ya yi mini gori ma da na fi samun sauƙi.

Mai injin niƙa na garin ya kawo galan na fetur aka zuba, motar ta ƙi tashi. Muka bar ta a gindin tsamiya, muka dawo Dutse a bas ɗin abokan ango, ni a kujerar baya tsakanin samari suna ta ƙunshe dariya. Washegari na ɗauki makanike muka koma. Ya kasa kunne a bayan motar ya ce in murɗa makulli, ya girgiza kai. Ya ce akwai famfo a cikin tankin kansa, shi ke tura mai zuwa inji, shi ne mai kukan sauron nan, kuma man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. In ana yawan barin mai ya yi ƙasa sai ya riƙa zafi, ya riƙa zuƙo dattin da ya kwanta a gindin tanki. Ni na daɗe ina gasa shi a cikin gari ban sani ba, ranar Juma'a kuma na ƙarasa shi.

Na ce, “To rizab ɗin fa, a ina yake?”

Ya ce, “Baba, ranar da wutar nan ta kama, abin da ya rage ke nan. Babu wani a bayansa. In kana son zaman lafiya, da allura ta sauko kwata ka nemi gidan mai. In tafiyar ƙauye ce kuwa, cika ta tun jajibiri.”

Datti a gindin tanki. Wato laka dai. Da na dawo gida na ba mai ɗakina labari. Ta dai leƙa waje ta kira mai ruwa, ta tsaya a kansa yana juye jarka a randar da ruwanta bai ko sauko rabi ba, ruwan na zuba da ƙara, ni kuma ina zaune a tabarma ina saurare har ta cika.

Amarya a motar wani aka kawo ta, tawa tana gareji.

Yanzu da allura ta doshi kwata nake karya kan mota zuwa gidan mai, ko layi ya kai ina, in zauna in jira da haƙurina. Na gane abin da ya cece ka a kan babur ba lallai ya san hanyar mota ba, kuma abin da ka ƙi tambaya a zaure don kada a raina ka, a filin masallaci za a ba ka amsarsa. In na je gaishe da surukai kuwa, Bappa ba ya amsa sallamata daga nesa. Sai ya taso da sandarsa, ya zo ya zura kai ta taga, ya daɗe yana duban allura. In ya ga ta haura rabi, sannan ya ɗago ya ce, “To, sannu da zuwa. Yau shanu sa huta.”